Kujerar Amarya a Cikin Jirgin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka kawo min aikin jirgin ruwa ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Ni mai gyaran kujeru ne. A daminar nan shekarata talatin da biyu ina wannan sana'a a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota a Tsanyawa: kujerar mashin, kujerun bas, kushin ɗin amare, wani lokaci har katifar da ta kwanta a kawo min in tashe ta. Ban yi boko mai nisa ba, daga aji huɗu na fita, amma in ka ajiye kujera a gabana na san ciwonta tun kafin ka buɗe baki. Haka dai nake gaya wa mutane. A lokacin ni ma na yarda da hakan.

Ina da ƙane, Sabi'u, uwa ɗaya uba ɗaya, na girme shi da shekara tara. Ya tafi Kudu tun yana saurayi, ya daɗe a can yana aiki a jiragen ruwa masu ɗaukar fasinja har ya zama direba. Da al'amura suka cuɗe masa sai ya dawo gida da mata da 'ya'ya huɗu da jaka biyu. Shekara biyu yana zaune a sashen bayan gidanmu babu aikin yi. Direban jirgin ruwa a garin da ruwansa mafi zurfi shi ne rijiya, wa zai ɗauke shi? Noma yake taya ni a 'yar gonar gado, wadda ko gida ɗaya ba ta riƙewa balle biyu. Mutum ne mai shiru, ba ya ƙorafi, amma zaman ya ci shi. Ya rame, ya daina zuwa majalisa. Abin yana damuna, ban dai taɓa gaya masa ba. Mu ba ma irin wannan maganar a gidanmu.

Ana nan sai Alhaji Lawan mai taki ya sayo jirgi. Alhaji yana da gonakin albasa da tumatir a hayin wani dam da ke kudu da mu, kuma da damina hanyar zagayen takan lalace, mota ta kwana biyu a taɓo. Shi ne ya sayo jirgi mai inji, na hannu, aka kawo masa a bayan tirela. Ya ji labarin Sabi'u, ya aika aka kira shi, ya ce ya tsaya a kan gyaran jirgin, in aka ƙaddamar lafiya shi ne direba. Ranar da Sabi'u ya dawo da wannan labari ita ce ranar da na fara ganin haƙoransa tun da ya dawo gida.

A tsakiyar jirgin akwai wani akwati a tsaye, tsayinsa ya kai cibiyar mutum. A kansa sitiyari yake da makulli da agogunan inji, direba a bayansa yake tsayawa. A gabansa kuma an haɗa masa wurin zaman mutum ɗaya, da majingina a jikin akwatin. Duk an lulluɓe shi da farar leda, amma rana ta cinye ta, ta tsattsage kamar dugadugan manomi. Alhaji ya ce a kwance akwatin a kai Kano a sake masa leda. Sabi'u ya ce, "Alhaji, ai yayana aikinsa ke nan. Babu kamarsa a nan yankin." Da bakinsa ya tsaya min.

Aka kawo akwatin rumfata a bayan a-kori-kura. Sabi'u da kansa ya shiga Kano ya haɗo kayan aikin, ya zo ya shimfiɗa su a kan bencina ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayar da magani.

"Yaya, wannan ledar ruwa ce, ba irin ta kujerar mota ba. Rana ba ta fasa ta, ruwa ba ya ratsa ta, sai dai in an huda ta. Wannan shi ne sosonta. Waɗannan fil ɗin kuma ba sa tsatsa. Sannan ka ga ramukan nan huɗu a ƙasan katakon zama? A bar su a buɗe."

Ledar kam ban ga laifinta ba. Fara tas, mai kauri, ga laushi, bayanta da saƙa. Ban taɓa riƙe irinta ba. Amma da na ɗauki soson na matsa, sai na ji tauri kamar tafin silifas, kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba.

"Wannan ne soso?"

"Shi ne, Yaya. Ba ya shan ruwa."

"Alhaji guda zai zauna a kan wannan? Ai gara a kifa masa turmi."

"Haka ake yi a can."

"A can," na ce. Direbobi biyu suna zaune a rumfar suna jiran in gama musu aiki, sun kasa kunne. "Sabi'u, lokacin da na fara riƙe almakashi kai ko wando ba a fara sa maka ba."

Direbobin suka yi dariya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Yaya." Ya yi sallama ya tafi. Mutum ɗan shekara arba'in da ɗoriya, mai 'ya'ya huɗu.

Bari in yi wa wanda ba ɗan sana'a ba bayani. A wurinmu da tudu ake auna kujera. In uwar amarya ta zo duba kushin, ba ta tambayar wane irin soso ne a ciki. Tafin hannu take dannawa. In ya nutse ya taso, ta ce aiki ya yi, in bai nutse ba ta ce ka cuce su. Kuma kowane mai kushin na karkara ya san soso shi kaɗai ba ya ba da wannan tudun, sai an yi masa ciko da ƙyallaye. Iro tela, maƙwabcin rumfata, buhu guda yake tara min na ragowar yadi da atamfa. Ba ha'inci ba ne, haka muka tarar ana yi, haka maigidana ya koya min, kuma kujeruna suna nan a ɗakunan mata shekara goma sha ba su kwanta ba. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne: sau nawa ake ruwan sama a ɗakin amarya?

Na ture soson Sabi'u gefe. Na yanko nawa, mai taushi, kaurin taƙi guda. Na jawo buhun Iro na yi ciko son raina, ja da shuɗi da kore, duk abin da hannuna ya kamo. Da buhun ya ƙare gefe ɗaya bai cika ba, sai na shiga gida na laluɓo abin da na samu na ƙarasa. Fil ɗin da ba sa tsatsa suka ƙi shiga bindigata ta harba fil, sun yi mata faɗi, sai na zuba su a gwangwani na yi amfani da nawa. Ramuka huɗun nan kuwa, a sanina rami a ƙasan kujera ƙofar ɓera ce da kyankyaso. Na yanko leda na shafa gam na liƙe su ruf.

Da na ja ledar ta hau, sai na ga abin ya yi fari fat babu ado, kamar gadon asibiti. Raina bai so ba. Na naɗe maɓallai tara da ragowar ledar, shida a wurin zama, uku a majingina, na huda da basilla na ja su ciki da zare na ɗaure, kowanne ya lotsa ya yi 'yar rijiyarsa, irin yadda ake yi wa kujerun amaren birni. (Shi kuwa soson Sabi'u, na kai wa maiɗakina Binta. Ta ɗora a kan kujerar tsugunonta ta wurin tuƙa tuwo, ta ce Allah ya saka, ƙugunta ya huta.)

Gaskiya aikin ya yi kyau. Wannan ko yau ba zan janye ba. Direbobin tasha suka riƙa zuwa suna zama suna riƙe sitiyari ana ɗaukar su hoto a waya. Ni kuma ina gefe ina ɓare goro kamar ban gani ba.

Rana ta uku Sabi'u ya zo ɗauka. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa a cikin lotsawar maɓalli ɗaya ya danna.

"Yaya, maɓallan nan fa..."

"Ado ne."

"Soson da na kawo ne a ciki?"

Na ce eh. Ƙarya na yi, tsagwaronta, da furfurata, ga ƙanena. Kuma ya san ƙarya ce, don soso mai kaurin yatsa biyu ba ya kumbura ya zama taƙi saboda an yi masa addu'a. Ya sunkuya zai leƙa ƙasan katakon, na ɗora hannu a kan akwatin. Daidai nan motar Alhaji Lawan ta tsaya. Ya fito ya ga kujera ya riƙe baki.

"Kai! Mai Kushin! Wannan ai ta fi ta falona!"

Ya zauna ya nutse ya taso, ya sake zama. Bayan wannan me Sabi'u zai ce? Aka loda akwati aka tafi.

Ranar Litinin aka ɗaura shi a jirgi, aka sa Asabar ranar ƙaddamarwa. Tsakanin nan aka yi ruwa biyu masu ƙarfi, Talata da Alhamis, muna ta hamdala saboda gero ya fara fitar da kai. Sabi'u ya rufe akwatin da tampol, amma iskar ranar Alhamis ta yaye shi ta jefa a dam. Ni ban ma san an yi ba.

Asabar na sa kaftanina na zuwa Juma'a na hau mashin. Alhaji ya yi abin a mutunce: an kafa rumfa a bakin ruwa, an shimfiɗa tabarmi, ga goro, ga mata sun kawo dambu da kunun aya. Mutanen ƙauyukan bakin dam sun fito kallo. Liman ya zo, kuma babban baƙo shi ne Dagacin garin da ke bakin ruwan, dattijo mai shekara saba'in ko fiye, mai ƙarancin magana. Ya zo cikin farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, da ganinta daga wurin bugu take, tana ɗaukar ido.

Kafin a fara addu'a Sabi'u ya ja ni gefe. Ya yi ƙasa da murya don kada wani ya ji.

"Yaya, na taɓa kujerar nan da safe. Ta sha ruwa. Na ɗora igiya a kanta don kada kowa ya zauna. A bar ta haka yau, gobe sai mu duba tare."

Na leƙa daga bakin gaɓa. Ga kujerata tana ƙyalli a rana, busasshiya, an jibge mata ƙazamar igiya. Abin da ya zo min a rai (Allah ya yafe min) shi ne yaron nan ba ya so a yabi aikina a gaban manya, so yake ranar ta zama tasa shi kaɗai. Na ce masa, "To, na ji." Ban ji ba.

Aka yi addu'a aka shafa. Alhaji ya ce manya su shiga a zaga da su. Aka riƙe Dagaci ya taka katakon da aka gitta daga gaɓa ya shiga, ya nufi bencin gefe zai zauna. Ban san lokacin da na tsinci kaina a cikin jirgin ba, ni da ban taɓa shiga ko kwalekwale ba. Na kwashe igiyar na jefar a ƙasa, na cire hulata na kaɗe kujerar.

"Ranka ya daɗe, ina kai ina benci? Ga wurin manya nan. Aikin hannuna ne."

Na hango Sabi'u a bayan sitiyari ya rufe ido.

Dagaci ya tattara rigarsa ya zauna da dukkan nauyinsa. Kujerar ta yi wata ƙara, doguwa, irin ta wanda ya taka taɓo da takalmin roba. Kowa ya ji, kuma kowa ya ɗauka abin da kuke tsammani ne. Liman ya yi gyaran murya. Alhaji ya shiga nuna wa mutane wani tsuntsu. Dagaci bai motsa ba. Idonsa ne kawai ya ɗan buɗe, ya zaro carbinsa ya fara ja.

Inji ya tashi. Jirgi ya ja baya kafin in fita, sai na faɗa kan bencin da ke hagun Dagaci na ƙanƙame ƙarfe. Da farko tsoron ruwa ne ya kama ni. Ban daɗe ina wannan tsoron ba, domin na kalli ƙasa. Daga ƙarƙashin rigar Dagaci wani siririn ruwa yake gangarowa a jikin farar ledar. Ja. Can sai ga wani a gefensa, shuɗi. Suka haɗu a tsakanin ƙafafunsa suka zama kalar da ban san sunanta ba, suka bi ƙasan jirgin suka nufo takalmina. Duk lokacin da jirgin ya daki igiyar ruwa, Dagaci ya ɗan ɗagu ya dawo, kujerar ta sake matsowa. Ruwan kwana biyu ne ya shiga ta rijiyoyin maɓallaina tara, soso ya shanye, ƙyallayen Iro suka jiƙa suka saki rininsu, ƙofar fita kuma na liƙe ta da hannuna. Yanzu ya samu hanya, ta inda ya shiga.

Alhaji bai lura ba, yana gaba yana nuna gonakinsa. Ya juyo ya ɗaga murya saboda ƙarar inji.

"Ranka ya daɗe, ya ka ji kujerar?"

Dagaci ya ce, "Da sanyi."

"Ai aikin Mai Kushin ne!"

Dagaci ya juyo a hankali ya dube ni. Ya koma jan carbinsa. Dattijon nan haka ya zauna, muka je hayi muka dawo, bai gyara zama ba ko sau ɗaya. Ni kuma ina ta roƙon Allah a zuci, ban ma san me nake roƙo ba. Na san dai akwai lokacin da na ji in jirgin ya ɗan kife ba zan yi baƙin ciki sosai ba.

Muka iso gaɓa. Kowa ya tsaya Dagaci ya fara fita. Ya ce, "Ku fita." Aka ce a'a, ranka ya daɗe, sai ka fita. Ya sake cewa a fita. Aka ƙi, saboda ladabi. Da ya ga babu makawa sai ya dafa gwiwa ya miƙe.

Mu na cikin jirgi mu muka fara gani. Daga kafaɗa zuwa ƙasa, bayan farar shaddar nan ya zama abin da ba a faɗa. Tambari tara, zagaye-zagaye, uku a gadon baya, shida a mazauni, a jere tsaf yadda na auna su da tef. Ja, shuɗi, kore, gefen kuma ruwan tsatsar fil ɗina. Ya taka katako ya fita, ya ratsa jama'a zuwa rumfa da tafiyarsa ta ƙasaita. Duk wanda ya wuce sai ya yi tsit. Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi!" Wani ya tuntsire a baya aka toshe masa baki.

Alhaji Lawan ya juyo, fuskarsa ta canza. Ban taɓa ganinsa haka ba. Bai dube ni ba, Sabi'u ya nufa.

"Kai na aika Kano. Ledar ruwa na ce ka kawo, ko ta teburin mai shayi? Ka ce min ka san jirgi! A gaban jama'a za ka yi min wannan?"

Sabi'u ya fito daga jirgin ya durƙusa. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ya gaya min a rumfa, ya gaya min da safen nan, har igiya ya ɗora. Amma ba zai faɗi laifin yayansa a bainar jama'a ba.

"Alhaji, a yi haƙuri. Laifina ne."

"Ba ni makullin."

Ya miƙa.

A nan ne wurin da ya fi ba ni kunya, ya fi rigar Dagaci. Na yi shiru. Na ce a raina ai ba a tambaye ni ba, gobe in Alhaji ya huce sai in same shi a gida mu yi magana ta manya. Har na ɗan ja baya na laɓe a bayan Liman, wanda Allah ya yi shi da faɗi. Sai na hango matar Sabi'u a cikin mata, riƙe da marar da take rabon dambu. Ba mijinta take kallo ba. Ni take kallo. A gida ɗaya muke, ta ga sabon farin soso a ƙarƙashin Binta kwana bakwai.

Na fito daga bayan Liman.

"Alhaji, ba shi makullinsa. Kaya na gaske ya kawo. Ni na ɓata."

"Mai Kushin, kada ka shiga. Kare ɗan'uwanka kake."

"Wallahi ba kare shi nake ba."

"Shekara talatin kana aiki, kai za ka yi wannan?"

Ka ji fa. Sunan da na tara shi ne ya hana a yarda da ni. Babu yadda zan yi sai in nuna. Na zaro rezar da ba ta rabuwa da aljihuna, na koma cikin jirgin, na tsaga kujerar daga wannan gefe zuwa wancan. Na zaro sosona na ɗaga na matse, ruwa ya zubo kamar an karya tulu. Na ce, "Wannan nawa ne, ba nasa ba." Sannan na shiga zaro ƙyallaye ina jefawa gaɓa, don a ga komai.

Ban yi tunanin mata ba. Suka matso suna dubawa.

"Laa! Hajiya, wannan ba ankon bikin Hadiza ba ne?" (Hadiza 'yar Alhaji Lawan ce.)

"Shi ne wallahi! Ga ma na sunan gidan Malam Audu!"

"Wannan koren kayan 'yan Islamiyya ne!"

Kowace ta gane nata. Ni dai ina ta zarowa, kaina a ƙasa. Na kamo na ƙarshe, dogo, ya ƙi fita sai da na fizga. Na ɗaga shi sama ba tare da na duba ba. Ɗaya daga cikin direbobin tashar nan da suka yi wa Sabi'u dariya a rumfata ya ɗaga murya.

"Mai Kushin! Wannan ba wandonka na Sallar bara ba ne?"

Shi ne. Har da mazagi.

Dariyar da aka riƙe saboda Dagaci, duk aka sauke ta a kaina. Har Liman sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ina tsaye a cikin jirgi, kaftani ya ɓaci, wando a hannu yana ɗiga.

Dagaci ya riga ya cire babbar rigar, wani ya yafa masa mayafi. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Alhaji Lawan, mayar masa da makullinsa. Ya kai mu ya dawo da mu lafiya, kuma ya ɗauki laifin da ba nasa ba."

Alhaji ya ɗan tsaya, sannan ya miƙa. Sabi'u ya karɓa da hannu biyu.

"Kai kuma Mai Kushin, shekararka nawa a sana'a?"

"Talatin da biyu, ranka ya daɗe."

"A tudu."

"A tudu, ranka ya daɗe."

"To a ruwa yau ka fara. Ka je ƙanenka ya koya maka. Rigar kuma tafi da ita."

Na tafi da ita. Binta ta wanke sau uku bai fita ba. A ƙarshe marina na kai aka rine ta shuɗiya gaba ɗaya, na mayar masa da kaina. Ya karɓa ya jujjuya ya ce ba laifi, dama ba shi da shuɗiya.

Aikin kuwa a bakin dam muka sake shi, a gindin wata bishiyar maina, domin Alhaji ya ce akwatin ba zai sake zuwa rumfata ba. Ragowar ledar da ƙyar ta isa. Na aro bindigar da ke cin fil ɗin daga wani abokin sana'a a Rijiyar Zaki. Soson kuma sai da na yi da gaske kafin Binta ta sake shi, ta ce kyautar da aka bayar ba a karɓewa, na ce wannan ta Alhaji ce na yi kyauta da ita. Muka ɓanɓare gam daga ramuka huɗun, muka shanya katakon kwana biyu ya bushe. Muka shimfiɗa ledar a rana ta yi laushi, aka fara ja daga tsakiya zuwa gefe, fil duk ta ƙasa, saman ko tsinin allura bai taɓa ba. Sabi'u ne ke faɗa, ni ke yi. Amma ya kasa ba ni umarni kai tsaye.

"Yaya, ko za a ɗan ja nan?"

"Yaya, ko za a bar wancan tukuna?"

Da na gaji na ce, "Sabi'u, bar ko-kon nan. Ka ce ja, in ja."

Ya dubi ledar. Can ya ce, "To ja." Na ja. Ya ce, "Bai yi ba. Sake." Na ɗago na dube shi, ya dube ni. Na sake.

Kujerar ta fito a shafe kamar allo, babu tudu babu ado. In uwar amarya ta gani sai ta kai ni ƙara. Sabi'u ya ɗebo bokiti guda ya sheƙa mata, ruwan ya gangare ya wuce, ya goge da hannun riga ya zauna ya tashi, wandonsa a bushe. Damina uku ke nan tana nan, shi ma yana nan a bayan sitiyarinsa, yana kai albasa da mutane hayi yana dawowa.

Abin da na koya ba shi da yawa, don na tsufa da koyo. Har gobe ba na son a koya min aiki a gaban direbobi. Amma kwanan baya wani ya kawo min kujerar guragu ta mahaifinsa a sake mata mazauni, irin wadda ban taɓa buɗewa ba. Har na ɗauki reza, sai na ajiye. Na ce masa wa ya san kan wannan abin a gidanku? Ya ce sai dai 'yarsa, tana karatun jinya, shekararta goma sha tara. Na ce a kira ta. Ta zo ta tsaya a bakin rumfa tana jin nauyi. Na share mata benci, na ce, "Zauna, Malama. Faɗa min inda ba a hudawa."